Mai Rumbu a Wutsiya

Watan Yuli a dajin Menabe,
kukoki sun zubar da ganye, sun tsaya tsirara,
rafin da muke ɗiba ya koma yashi.
Ni Velonjara, toya gawayi ce sana'ata,
na saɓi gatari na shiga neman busasshen ice.

Sara uku, reshen ya wage baki.
Can ƙuryar kogon ga abu a dunƙule,
bai cika tafin hannu biyu ba.
Bayansa toka-toka, cikinsa fari kamar garin rogo,
baƙin zobe ya kewaye kowane ido
kamar wanda ya zizara kwalli a duhu babu madubi,
farin zane ya gangaro daga goshi zuwa hanci.
'Yan yatsu irin na jinjiri, har da farce.
Wutsiyar kuwa,
wutsiya ce wannan ko dankali?

Na taɓa shi, sanyi ƙalau kamar randa da asuba.
Na ce wayyo, ya riga mu gidan gaskiya.

'Yata Soafara ta karɓe shi ta kara a kunne.
Baba, yi shiru, ta ce.
Muka yi shiru har ƙafata ta yi tsami,
har na ƙirga tururuwa talatin a bisa ƙotar gatari,
sannan haƙarƙarin ya ɗaga sau ɗaya
ya koma.

Tsohuwa Zafitsara ta yi dariya da sauran haƙoranta biyu.
Matavirambo ne, ta ce, mai ƙiba a wutsiya.
Ba biri ba ne, amma kakanninsu sun gaisa.
Da damina ba ya zama,
dare ya yi sai ya bi reshe a hankali kamar mai bin bashi,
ya sha zumar fure, ya ci 'ya'yan itace,
ƙwaro ma in ya gifta bai tsira ba.
Duk abin da ya haɗiya wutsiya yake kai wa ajiya.
Rani na kawo kai sai ya shige kogo,
ya rage wa zuciyarsa gudu,
ya bar jikinsa ya bi rana:
ta yi zafi ya ɗumama, ta faɗi ya huce.
Wata bakwai, ko ruwa ba ya nema.
Matarsa na nan kusa, ba sa sake juna,
in ta fita kiwo shi ne mai raino.

Na dubi reshen. Buhu guda ne cur na gawayi,
ga mai shago a Morondava yana jiran kuɗin shinkafarsa.
Soafara ba ta ce komai ba,
ido kawai ta zuba mini.

Na mayar da shi yadda na same shi, hanci cikin wutsiya.
Na ɗaure reshen da igiyar ɓawon kuka,
na liƙe tsagar da yumɓun suri,
ina yi ina tsaki.

Ranin nan ya gasa mu.
Daren da tukunya ta kwana a kife
nakan tuna shi, in ji haushi ya taso mini:
shi ga rumbunsa a bayansa,
ba ɓera, ba gara, ba mai zuwa aro.
Ni da za a ba ni barcin wata bakwai
wa zai tashe ni in ba mai shago ba?

Nuwamba ta zo da tsawa.
Kwana huɗu da ruwan fari muka koma da tocila,
ƙasa na ƙamshi, kwaɗi sun cika dajin da surutu.
Kogon wayam.
Sai ga garwashi biyu a saman reshe,
ga wasu biyu a bayansu.
Wutsiyar ta zama tsumma, ta sirance kamar lagwani,
ya cinye rumbun tas, bai bar ko tsaba ba.

Soafara ta ɗaga masa hannu.
Ya dube mu jim kaɗan, bai san mu ba,
ya cusa kai cikin fure.